Tuƙi Ba Tare da Inshora Ba: Nazarin Hukuncinsa a Dokokin Nijeriya

Daga cikin takardun da doka ta wajabta wa mai mota a Nijeriya, babu wadda ake riƙewa cikin rashin sanin amfaninta kamar takardar inshora. Lasin tuƙi yana shaida cewa mutum ya iya tuƙi, takardar mallaka tana shaida cewa motar tasa ce, takardar lafiyar mota kuma tana shaida cewa birki da fitilu da tayoyi suna aiki. Ita kuwa ta inshora, in aka tambayi direbobi a tasha, amsar da aka fi ji ita ce, takarda ce da ake miƙa wa ɗan sanda ya duba ya ce a wuce. Wannan fahimta ce ta raya kasuwar takardun bogi, ita ce kuma take sa mutane su auna illar rashin inshora da ɗan abin da za su rasa a shingen bincike. A wannan nazari za mu bi abin da dokokin ƙasar suka tanada a kan wanda ya sa mota a titi ba tare da inshora ba, mu nuna cewa sakamakon kashi biyu ne, kuma kashin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne mafi nauyi.

Kafin nan, wajibi ne mu tsayar da ma'anar kalmomin da za mu yi aiki da su. Inshora yarjejeniya ce tsakanin mutum da kamfani mai lasisi, inda mutumin yake biyan kuɗi ƙayyadadde, kamfanin kuma ya ɗauki alkawarin biyan wata asara da aka ambata idan ta auku cikin wa'adin da aka yanka, wanda a harkar mota galibi shekara ɗaya ne. Kuɗin da ake biya shi ma'aikatan inshora suke kira firimiya, mu kuwa za mu kira shi kuɗin shekara. Mai mota shi ne ɓangare na farko a yarjejeniyar, kamfani shi ne na biyu. Duk wanda ba ya cikinta amma motar ta cutar da shi, a jikinsa ko a dukiyarsa, shi ne mutum na uku: mai tafiya a ƙasa, ɗan acaɓa, mai tireda a bakin titi, makiyayin da ke tsallakar da shanunsa, ko mai wata motar. Alhaki shi ne nauyin biyan ɓarnar da mutum ya jawo, wanda kotu za ta iya tilasta masa saukewa. Tara kuɗi ne da kotu take cin mai laifi, su shiga aljihun gwamnati. Diyya kuwa kuɗi ne da ake biyan wanda aka cuta ko magadansa. Biyan tara ba ya rage ko kwabo daga diyya, kuma a kan wannan bambanci nazarin namu ya ginu.

Inshorar mota iri uku ce. Akwai ta mutum na uku, wadda take biyan ɓarnar da motar ta yi wa wasu kaɗai, ba ta gyara wa mai motar ko madubi. Akwai wadda ta ƙara a kan wannan da gobara da sata. Sai cikakkiya, wadda take haɗawa har da lalacewar motar mai inshorar. Ta farko ce kawai doka ta tilasta, domin hukuma ba ta hana mutum ya ɗauki kasadar dukiyarsa, amma ba ta yarda ya ɗora kasadar a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita take ƙayyade kuɗin shekara. Daga 1 ga Janairu, 2023, ta ɗaga na motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babur yana biyan naira 3,000, iyakarsa miliyan 1. Adaidaita Sahu naira 5,000, iyakarsa miliyan 2. Babbar motar dakon kaya naira 100,000, iyakarta miliyan 5. Waɗannan iyakoki na dukiya ne, ba su ne ma'aunin rai ko rauni ba.

Asalin wajabcin ya samo tushe daga Ingila, inda dokar zirga-zirgar titi ta 1930 ta tilasta inshorar mutum na uku bayan motoci sun yawaita, aka riƙa samun waɗanda aka naƙasa suna cin nasara a kotu amma su tashi hannu rabbana, saboda direban ba shi da abin biya. Gwamnatin mulkin mallaka ta kawo irin wannan doka Nijeriya a 1945, ta fara aiki a 1950. Ita wannan doka rai da rauni kaɗai ta shafa. Dokar Inshora ta 2003 ce, a sashe na 68, ta wajabta inshorar ɓarnar dukiyar mutum na uku, ta ce kada ta gaza naira miliyan 1. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar garambawul ga harkar inshora, wadda ta shafe dokokin biyu tare da wasu, ta tattara su wuri guda, ta kuma bar wajabcin yadda yake. Za mu riƙa komawa ga tsofaffin dokokin duk da haka, domin su ne kotuna suka daɗe suna fassarawa, kuma daga gare su aka ɗauko ginshiƙan sabuwar.

Wane ne doka take ɗauka ba shi da inshora? Wanda bai taɓa yanka ba da wanda wa'adin tasa ya ƙare, ko da jiya ne, sha'aninsu a fili yake. Akwai kuma wanda aka rubuta masa takarda bai biya kuɗin ba, domin sashe na 50 na dokar 2003 ya sanya biyan kuɗi tun farko sharaɗin ingancin yarjejeniyar. Akwai wanda ya yanki inshorar motar gida mai araha, sa'an nan ya shiga kabu-kabu da motar da yamma; ya fita daga abin da aka yi yarjejeniya a kai, kuma kamfani yana da hujjar ja da shi ranar da haɗari ya auku da fasinja a ciki. Akwai wanda ya sayi mota a hannu, ya ci gaba da yawo da takardar tsohon mai ita, alhali inshora tana bin mutumin da aka ƙulla da shi ne, sai an je an sauya suna.

Rukunin da ya fi cancantar mu dakata a kansa shi ne na masu takardar bogi, domin da yawansu ba su ma san halin da suke ciki ba. Mai mota yakan je sabunta takardunsa, ya tarar da 'yan kamasho a ƙarƙashin bishiya kusa da ofis, ya miƙa kuɗi dunƙule ya ce a haɗa masa komai da komai. Bayan sa'a ɗaya ko biyu a kawo masa takardu a maƙale da juna. A cikinsu akwai ta inshora mai launi, da hatimi, da lamba, da sunan wani kamfani ko wata ƙungiyar gama kai, an kuma rage masa kuɗin ƙasa da abin da hukuma ta yanka. Ya naɗe su ya jefa a aljihun gaban mota, ba zai sake buɗewa ba sai a shinge. Sunan da ke kan takardar yana iya zama na kamfanin da babu shi, ko na kamfani na gaskiya wanda bai taɓa jin labarin motar ba. A idon doka wannan mutum daidai yake da wanda bai yanki komai ba, ga kuɗinsa sun tafi. Idan kuma ya san ta bogi ce ya miƙa ta ga jami'i, ya ƙara wa kansa laifi na biyu, wato amfani da takardar jabu a matsayin ta gaskiya, wanda kundin laifuffuka ya tanadar wa hukunci na dabam.

Kashin farko na sakamakon shi ne hukuncin laifi, wato wanda hukuma take nema a gaban kotu da sunan jama'a, ko an yi haɗari ko ba a yi ba. Dokar 1945 ta tanadi tarar naira 400, ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyun. Tarar tana da nauyi a zamaninta, amma hauhawar farashi ta cinye ta tun da daɗewa. Abin da bai tsufa ba a cikin dokar har aka shafe ta shi ne haramcin riƙe lasin tuƙi, wanda ta ce kada ya gaza wata goma sha biyu, sai in kotu ta ga wani dalili na musamman. Ga direban haya, wannan na nufin shekara guda ba sana'a. Dokar 2003 ta zo da tarar naira 250,000, ko ɗaurin shekara ɗaya, ko duka biyun. An daɗe ana sakaci da zartar da waɗannan tanade-tanade, har sai da Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da umarnin fara tilasta inshorar a duk faɗin ƙasar daga 1 ga Fabrairu, 2025. A aikace, abin da mai mota yake fara fuskanta shi ne a tsare motar, ta kwana a ofishin 'yan sanda ko na jami'an duba motoci har ya kawo takarda sahihiya. Muna jaddada cewa yanke tara da ɗauri aikin kotu ne. Kuɗin da aka karɓa a bakin titi ba tare da rasit ba, ba tara ba ne, kuma ba ya wanke laifin.

Laifin bai tsaya kan wanda ke riƙe da sitiyari ba. Lafazin dokar ya haɗa mutum uku: wanda ya yi amfani da motar, da wanda ya sa wani ya yi, da wanda ya ƙyale wani ya yi. Attajirin da ya saya wa yaro Adaidaita Sahu yana kawo masa balas kullum, da uban da ya miƙa wa ɗansa makulli, da shugaban kamfanin da ya tura direba Legas da tirela, duk suna cikin da'irar. Haka nan, bisa fahimtar da kotuna suka gada daga dokar Ingila, mai gabatar da ƙara ba ya bukatar tabbatar da mugun nufi. Ya isa a nuna motar ta hau titi babu inshora mai aiki. Cewa an manta, ko ɗan kamasho ne ya cuce shi, na iya jawo wa mutum sassauci wajen hukunci, amma ba ya mayar da takardar bogi ta zama inshora.

Kashi na biyu shi ne alhakin diyya, wanda mutumin da aka cuta ko magadansa suke nema da kansu ta hanyar ƙarar neman haƙƙi. Tushensa sakaci ne, wato gazawar direba wajen yin kulawar da mai hankali zai yi a irin halin da yake ciki. Mu ɗauka wani malamin makaranta ya taso daga Zariya zai shiga Kano bayan magariba, hasken wata babbar mota ya kashe masa ido, ya kauce ya daki Adaidaita Sahu da ke sauke fasinja a gefen hanya. Keken ya lotse, matuƙinsa ya karye a cinya, wata mata da ke ciki ta rasu ta bar 'ya'ya ƙanana. Idan malamin yana da inshora ta gaskiya, kamfani ne zai biya gyaran keken har iyakar miliyan 3, shi zai ɗauki nauyin diyyar rauni da ta rai, kuma dokar 1945 ta ɗora wa kamfani biyan abin da kotu ta yanke a kan wanda ya yi wa inshora. Idan ba shi da ita, haƙƙin mutanen nan bai ragu da komai ba, sai dai duk ya dawo wuyansa shi kaɗai: kuɗin asibiti, da kuɗin keke, da abin da matuƙin zai rasa na watannin jinya, da abin da marayun suka rasa na mai ciyar da su.

Wannan bashi ba ya da wa'adin shekara ɗaya irin na ɗauri. Da zarar kotu ta yanke adadi, wanda ya yi nasara yana iya neman a kama kayan wanda ake bi a yi gwanjonsu, a fara da mota da sauran abin da ake iya ɗauka, in ba su isa ba a kai ga fili ko gida. Yana kuma iya neman kotu ta umarci banki ya biya daga asusunsa. Idan direban ɗan aiki ne kuma haɗarin ya auku yana bakin aikinsa, alhakin yana hawa kan maigidansa, ko da yana kwance a gida lokacin da abin ya faru. Saboda haka lauyoyi sukan haɗa direba da mai mota a ƙara ɗaya, don sun san a hannun wa dukiyar take. Wanda ya ƙi fitar da naira 15,000 yana iya wayar gari da bashin da zai ci gidan da ya shekara ashirin yana ginawa.

Ga mai karatu Musulmi, batun yana da wata fuska da ba za mu tsallake ba. Mutuwar da haɗarin mota ya jawo bisa kuskuren direba tana shiga babin kisan kuskure a fiƙihu, wanda yake wajabta diyya da kaffara. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. A lissafin dinari, ta haura kilo 4 na zinariya. Shari'a ta san mutum ɗaya ba zai iya wannan ba, shi ya sa ta ɗora ta a kan aƙila, wato danginsa maza ta wajen uba, su biya cikin shekara uku. A mazhabar Malikiyya aƙila tana ɗaukar abin da ya kai sulusin diyya zuwa sama. Halifa Umar ya mayar da wannan nauyi kan mutanen diwani, wato waɗanda sunayensu ke cikin rajistar runduna guda, abin da ke nuna ana iya ƙulla taimakon a kan wata alaƙa ba ta jini ba. A biranenmu na yau, inda dangi suka warwatsu kowa yana fama da kansa, da wuya a sami aƙilar da za ta tara irin wannan dukiya. Kaffara kuwa, wadda a wannan zamani azumin wata biyu ne a jere, tana kan direban, babu kamfanin da zai ɗauke masa.

Malamai da dama sun ƙi inshorar kasuwanci saboda abu uku: garari, wato rashin sanin abin da za a samu a madadin abin da aka biya, da riba, ta wajen yadda kamfani yake juya kuɗin, da kamanceceniya da caca. Wasu sun halatta wadda hukuma ta tilasta bisa larura. Ba hurumin wannan nazari ba ne ya raba gardamar, amma ya kamata a san cewa akwai mafita da doka ta amince da ita, wato takaful. Takaful tsari ne da mahalarta suke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar kyauta, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa daga ciki, kamfani ya zama wakili mai kula da asusun, abin da ya yi saura kuma a iya raba wa mahalarta. Ya yi kama da asusun taimakon juna da direbobi suke tarawa a tasha, sai dai shi yana ƙarƙashin sa idon hukuma da na kwamitin malamai. An kafa kamfanin farko na irinsa a Sudan a 1979. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, ta kuma ba Noor Takaful da Jaiz Takaful izini a 2016. Takardarsu tana cika sharaɗin doka kamar kowace.

A nan ne ya kamata mu waiwayi wanda aka yi dokar dominsa. Yawancin haɗurranmu ba sa kaiwa kotu. Ana zama a ofishin 'yan sanda ko a zauren mai unguwa, dattawa su sa baki, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, direba ya biya kuɗin magani na 'yan kwanaki, dangi su ce sun yafe. Yafiya abin yabo ce idan ta fito daga zuciyar mai haƙƙi. Amma sau da yawa ana yafewa ne don an duba direban an ga babu abin da za a samu a wurinsa, kuma bakin da ya furta yafiyar ba shi ne na marayan da ya rasa mai biya masa kuɗin makaranta ba. Malaman fiƙihu ma ba su ba waliyyi damar zubar da rabon ƙaramin yaro a banza ba. Da akwai inshora ta gaskiya, da iyalin sun karɓi haƙƙinsu ba tare da sun ji suna tsiyata wani talaka ɗan'uwansu ba. Dokar 2003, a sashe na 78, ta tanadi wani asusu da za a biya diyya daga cikinsa ga waɗanda direba marar inshora ko wanda ya gudu ya kashe ko ya naƙasa, amma a ganinmu tanadin da mutanen karkara ba su taɓa jin labarinsa ba bai kai ga waɗanda suka fi bukatarsa ba.

Adalci ya sa mu faɗa cewa su ma kamfanoni suna da rabonsu a rashin yardar da jama'a suke yi musu. Jan ƙafa wajen biya, da yawan takardun da ake nema daga mutumin da ke jinya, da ƙarancin ofisoshi a wajen manyan birane, duk sun taimaka wajen kafa zancen nan cewa inshora ba ta biya. Sai dai wani ɓangare na masu wannan ƙorafi takardar bogi ce a hannunsu tun farko. Tantancewa kuwa ta yi sauƙi a yanzu. Ƙungiyar Kamfanonin Inshora ta Nijeriya tana da rumbun bayanai na intanet da ake kira NIID, inda ake shigar da lambar mota a ga sunan kamfanin da ranar ƙarewar wa'adi, kuma jami'an kan titi suna iya duba shi ta waya. Motar da ba ta bayyana a can ba, mai ita ya koma wurin kamfanin da kansa, ba wurin ɗan kamasho ba. Wanda kamfani mai lasisi ya hana haƙƙinsa yana da damar kai kuka NAICOM, wadda take da sashen karɓar ƙorafi da ikon hukunta kamfanin.

Akwai kuma hanyar da mai inshora ta gaskiya yake raunana ta da hannunsa bayan haɗari. Yarjejeniyoyin inshorar mota sukan sharɗanta a sanar da kamfani ba tare da ɓata lokaci ba, kuma kada mai mota ya amsa alhaki ko ya yi alkawarin biya ba da yardarsa ba. Wanda ya zauna sulhu a ranar, ya sa hannu a takarda cewa zai biya kaza, sa'an nan ya tuna da kamfani bayan wata biyu, ya ba shi hujjar ƙin mayar masa da kuɗinsa. Wannan ba ya hana kai wanda ya ji rauni asibiti nan take, ko zuwa gaisuwa da ta'aziyya. Abin da ake bukata shi ne a sami rahoton 'yan sanda, a ɗauki hoton wurin da lambobin motocin, a adana rasit na asibiti, a kuma kira kamfanin ya turo wakilinsa kafin a zauna maganar kuɗi.